Gubar jini: Abin da ke riƙe ran mara lafiya kafin maganin antibiyotik ya yi aiki

Akwai tambayar da dangin mara lafiya kan yi a bakin ɗakin jinya, ko a Garwa ne, ko Njamena, ko Kumasi, ko Maraɗi: an sayo allurar da likita ya rubuta, an yi masa, to me ya sa jikin ke ƙara rikicewa? Sau da yawa amsar ita ce mara lafiyar ya shiga halin da ake kira gubar jini, wanda likitoci ke cewa sepsis, a takardun asibitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci kuma akan ga an rubuta sepsis ko septicémie.

A wannan hali maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibiyotik, wajibi ne, kuma ana so a ba da shi cikin sa'a guda idan jikin ya yi tsanani. Sai dai aikinsa a kan ƙwayar cutar yake, kuma yana ɗaukar sa'o'i ko kwanaki kafin a ga tasirinsa. A tsakanin nan huhu da zuciya da ƙoda na iya gazawa. Abin da ke riƙe mutum har maganin ya ci ƙarfin cutar shi ne sauran kulawar: iskar oksijin, ƙarin ruwa bisa awo, sukari, jini, fitar da mugunya, da sa ido ba dare ba rana. Binciken da aka yi cikin shekaru fiye da 20, har da wanda aka yi a Afirka, ya sauya yadda ake kallon kusan kowane ɗaya daga cikinsu.

Mece ce gubar jini?

Sunan na iya ruɗar mutum. Ba guba ce da wani ya zuba ba, ba kuma sammu ba ne. Tana farawa ne daga wata cuta da aka sani: ciwon huhu, taifot, sanƙarau, ciwon mafitsara, miki da ya ruɓe, cibiyar jariri da ta kumbura, ko mahaifar mai jego da ƙwayoyin cuta suka shiga. Garkuwar jiki ta tashi yaƙar cutar, amma sai ta wuce gona da iri, ta koma tana lahanta jikin da take karewa. Tun 2016 ma'anar da likitoci suka tsaya a kai ke nan: gazawar sassan jiki mai barazana ga rai, sakamakon rikicewar martanin jiki ga ƙwayar cuta.

Abubuwa uku ne ke faruwa a jijiyoyin jini. Suna saki su buɗe, sai ƙarfin bugun jini, wanda wasu ke kira tansiyo, ya faɗi. Bangonsu yana fara yoyo, ruwan da ke cikin jini ya tsiyaye zuwa cikin tsoka da huhu. Sannan ƙananan gudajin jini suna toshe siraran jijiyoyi. Daga nan oksijin ba ya isa inda ake buƙatarsa. Mutum ya fara haki, fitsari ya ragu, hankali ya gushe. Idan bugun jinin ya faɗi har ƙarin ruwa ya kasa ɗaga shi, an kai matakin da ake rubutawa choc septique, kuma shi ne mafi haɗari.

Wani nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2020, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke dogara da shi, ya ƙiyasta cewa a 2017 an samu masu gubar jini miliyan 48.9, miliyan 11 kuma suka mutu. Wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar da aka yi a duniya a shekarar. Kimanin kashi 85 cikin 100 na abin ya faru ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar miliyan 2.9 na cikin waɗanda suka rasu.

A fara da tushen cutar

Antibiyotik yana tafiya ne ta cikin jini. Inda jini ba ya shiga, kamar cikin tarin mugunya ko naman da ya mutu, maganin ba ya kaiwa yadda ya kamata. Shi ya sa tambayar farko da likita ke yi ita ce ko akwai abin da za a fasa, a wanke, ko a cire.

Misalan ba su da nisa. Taifot da aka bari ya daɗe yana iya huda hanji, abin da ke cikinsa ya zube a ciki, kuma babu allurar da za ta ɗinke wannan huda sai tiyata. Mai jego da ragowar mabiyiya ta maƙale mata sai an wanke mahaifar. Ƙafar mai ciwon sukari da ta ruɓe sai an yanke mataccen naman. Robar fitsari ko robar jijiya da ta daɗe a jiki ita kanta tana iya zama gidan ƙwayoyin cuta, sai an sauya ta. Likitoci kan so a yi wannan aiki cikin sa'o'i 6 zuwa 12 da gano shi. A nan jinkirin dangi wajen amincewa da tiyata, ko jiran zuwan wani babba daga wani gari kafin a sa hannu, yana cin lokacin da mara lafiyar ba shi da shi.

Haka kuma ba kowace gubar jini ce daga bakteriya ba. A yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, alamominsa masu tsanani da na gubar jini kusan iri ɗaya ne, kuma sukan haɗu a jikin yaro guda. Saboda haka ake gwada jini, idan akwai maleriya mai tsanani a yi allurar artesunate tare da antibiyotik. Gwajin AQUAMAT na 2010, wanda ya haɗa yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara ciki har da Ghana da Najeriya, ya nuna mutuwa ta sauka daga kashi 10.9 cikin 100 da kinin zuwa kashi 8.5 da artesunate.

Iskar oksijin

Ido ba ya gane ƙarancin oksijin da wuri. Ana auna shi da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa, mai nuna lambar da a Faransanci ake cewa saturation. Lafiyayyen mutum kan nuna 95 zuwa 100. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa wa yaro oksijin idan lambar ta faɗi ƙasa da 90. Wani nazari na Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa na'urar kan nuna lamba sama da ta gaskiya a jikin masu baƙar fata fiye da na farare. Don haka idan mara lafiya yana haki, haƙarƙarinsa na lotsawa, ba a sakankance don lambar ta nuna 92.

Amfanin oksijin a asibitocin karkara tabbatacce ne. A Papuwa Niyu Gini, bayan an kai wa wasu asibitoci na'urorin tace oksijin daga iska tare da na'urar yatsa, mutuwar yara masu ciwon huhu ta ragu da kashi 35 cikin 100, kamar yadda aka wallafa a 2008. Matsalar waɗannan na'urori ita ce wutar lantarki. A Yuganda an gwada haɗa su da hasken rana a cibiyoyin lafiya 20, kuma sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna mutuwar yara masu ƙarancin oksijin cikin sa'o'i 48 na farko ta ragu da kusan rabi. A watan Mayun 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri da ke neman ƙasashe su wadata asibitocinsu da oksijin.

A wurare da dama mutane na tsoron robar hanci, suna ganin duk wanda aka sa wa oksijin mutuwa zai yi. Abin da ke jawo wannan zato shi ne inda iskar ta yi ƙaranci, sai wanda ya kai gargara ake sa wa. Wanda aka sa masa da wuri ya fi samun damar tashi.

Ƙarin ruwa: darasin da ya fito daga gabashin Afirka

Babu abin da dangi suka fi yarda da shi a asibiti kamar ƙarin ruwa, abin da ake kira perfusion ko sérum. Wasu ma idan ba a rataya leda ba, gani suke ba a fara aiki ba. Likitoci su ma sun daɗe da irin wannan tunani. A 2001 wani bincike da Emanuel Rivers ya jagoranta a birnin Ditroit na Amurka, kan mutum 263, ya nuna cewa gaggauta ba da ruwa da jini da magungunan ɗaga bugun jini cikin sa'o'i shida na farko ya rage mutuwa daga kashi 46.5 zuwa 30.5 cikin 100. Duniya ta rungumi tsarin. Manyan gwaje-gwaje uku da aka yi a 2014 da 2015 a Amurka, Ostireliya da Ingila ba su ga irin wannan bambanci ba, amma kafin su, babban gargaɗin ya riga ya fito daga Afirka.

Gwajin FEAST, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kathryn Maitland, ya haɗa yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun raunin zagayawar jini a asibitoci shida na Yuganda, Kenya da Tanzaniya. Dukkansu an ba su antibiyotik, da maganin maleriya ga masu ita, da ruwan da ke ɗiga a hankali, da jini ga mai buƙata. Bambancin kawai shi ne kaso biyu daga cikin uku an ƙara musu ruwa mai yawa da sauri, mililita 20 zuwa 40 ga kowane kilo na nauyinsu, kamar yadda ake yi a Turai. Masu binciken sun ɗauka za su tabbatar da amfanin abin ne. Sai ga shi cikin sa'o'i 48, kashi 10.5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ruwan gishiri da sauri sun mutu, kashi 10.6 na waɗanda aka yi wa ruwan albumin, amma kashi 7.3 kawai na waɗanda ba a yi wa ba. A farkon 2011 aka dakatar da gwajin. A taƙaice, cikin kowane yaro 100 da aka ɗura wa ruwa da sauri, uku sun mutu waɗanda da ba su mutu ba.

Bayan shekara shida aka ga irin haka a manya. A babban asibitin koyarwa na Lusaka a Zambiya, an raba mutum 209 masu gubar jini da faɗuwar bugun jini gida biyu, akasarinsu masu ɗauke da ƙanjamau. Waɗanda aka bi tsarin ruwa mai yawa a kansu, kimanin lita uku da rabi cikin sa'o'i shida, kashi 48 cikin 100 sun mutu a asibiti. Waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba, da kimanin lita biyu, kashi 33.

Me ya sa? Jijiyoyin da ke yoyo ba sa riƙe ruwan da aka zuba musu, wani ɓangarensa huhu yake tafiya. Zuciyar da cuta ta raunana ba ta jure nauyin da ya zo mata farat ɗaya. Wanda jininsa ya yi ƙasa kuma, ruwan na ƙara tsinka ɗan abin da ya rage. A asibitin da ke da na'urar taimaka wa numfashi ana iya ceto wanda ruwa ya cika wa huhu. Inda babu ita, kuskuren ba ya gyaruwa.

Wannan ba ya nufin ƙarin ruwa ba shi da amfani. Gwajin FEAST bai haɗa da yara masu gudawa mai tsanani, ko ƙuna, ko tamowa ba. Mai kwalara da ya zubar da ruwan jikinsa yana buƙatar ruwa da sauri, jinkiri ne ke kashe shi. Ga manya masu gubar jini da bugun jininsu ya faɗi, ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na Surviving Sepsis Campaign na 2021 sun ba da shawarar mililita 30 ga kowane kilo cikin sa'o'i uku na farko, wato ga mai kilo 60 kimanin leda uku da rabi masu rabin lita, amma sun sassauta ƙarfin shawarar idan aka kwatanta da ta baya. Ga yara, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta taƙaita ruwan gaggawa ga wanda ya haɗa alamomi uku: hannuwa da ƙafafu sun yi sanyi, bugun jijiya ya yi rauni da sauri, sannan idan an danna farce aka saki, jini bai dawo ba cikin daƙiƙa uku. Shi ma mililita 10 zuwa 20 ga kowane kilo, cikin minti 30 zuwa 60, ana yi ana dubawa.

Ruwa magani ne mai awo, kamar kowane magani. Saboda haka bai dace mai jinya ya matsa wa malamin asibiti ya ƙara leda ba, ballantana ya buɗe maɓallin robar da hannunsa don ruwan ya ƙare da wuri. Idan fuskar mara lafiya ta fara kumbura ko hakinsa ya ƙaru ana cikin ƙarin ruwa, a kira malamin jinya nan take.

Idan bugun jini ya ƙi tashi

Tunda jijiyoyin sun saki ne, akwai lokacin da ƙarin ruwa ba zai ƙara komai ba, sai maganin da zai matse su. Na farko da ake zaɓa shi ne noradrenaline. Inda babu shi, ana amfani da adrenaline ko dopamine, sai dai wani gwaji na 2010 a kan mutum 1,679 ya nuna dopamine na rikita bugun zuciya kusan ninki biyu na noradrenaline. Abin da ake nema shi ne matsakaicin awon bugun jini ya kai 65, wata lamba da ke tsakanin ta sama da ta ƙasa da ake karantawa a na'ura. Waɗannan magunguna ɗiga suke yi a jijiya ba tsayawa, kuma suna buƙatar a riƙa auna mara lafiya kowane 'yan mintoci. A da sai an sa roba a babbar jijiyar wuya ko ƙirji. Ƙa'idojin 2021 sun yarda a fara su ta jijiyar hannu na ɗan lokaci maimakon a jira, abin da ya sauƙaƙa wa ƙananan asibitoci.

Idan aka ɗauki sa'o'i ana ba da su bugun jinin bai daidaita ba, akan ƙara hydrocortisone, miligiram 200 a rana ga babba. Manyan gwaje-gwaje biyu sun fito a kansa a 2018. Na Faransa, wanda Farfesa Djillali Annane ya jagoranta a kan mutum 1,241, ya haɗa shi da fludrocortisone, kuma mutuwa cikin kwana 90 ta kasance kashi 43 cikin 100, a maimakon 49. Ɗayan, mai mutum kusan 3,800 a Ostireliya da wasu ƙasashe, bai ga raguwar mutuwa ba, amma ya ga bugun jini na saurin dawowa. Shi ya sa ake ajiye shi ga masu tsananin hali kawai.

A nan akwai abin da ya kamata dangi su faɗa wa likita. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda ake wa laƙabi da "sha ka fashe", da yawansu dexamethasone ne, ɗan'uwan hydrocortisone. Wanda ya daɗe yana shan su garkuwar jikinsa ta raunana, kuma jikinsa ya rage yin nasa sinadarin. Idan gubar jini ta same shi aka yanke masa su kwatsam, bugun jininsa na iya faɗuwa ƙwarai. Ɓoye wannan saboda kunya na iya jawo asarar rai.

Sukari, jini, ƙoda da ɗumin jiki

Yaron da ke fama da zazzaɓi, bai ci abinci ba, sukarin jininsa kan faɗi, ya suma ko ya yi jijjiga. Gwajin da ake kira glycémie ɗigon jini ɗaya yake buƙata, kuma maganin ruwan sukari ne ta jijiya. Inda ba a samu jijiya ba, bincike a Bobo-Diyulaso a 2005 da Sikaso a 2008 ya nuna cewa ƙaramin cokali na sukari da aka ɗan jiƙa, aka sa a ƙarƙashin harshe, yana ɗaga sukarin jini, kuma ana iya maimaitawa bayan minti 20. Wannan daban yake da ɗura. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a zuba masa ruwa, koko ko jiƙo a baki, domin huhu zai wuce.

A manya kuma sukarin hawa yake yi. An taɓa ɗauka cewa matse shi da insulin zuwa awon lafiyayye ya fi, har sai da wani gwaji na 2009 a kan mutum 6,104 ya nuna hakan ya ƙara mutuwa, kashi 27.5 cikin 100 a kan 24.9. Yanzu sai ya kai miligiram 180 a desilita, wato giram 1.8 a lita kamar yadda ɗakunan gwaji na ƙasashen Faransanci ke rubutawa, ake fara insulin.

Jini shi ke ɗaukar oksijin, don haka wanda maleriya ko sikila ko zubar jinin haihuwa ta rage masa shi yana shiga gubar jini da rauni biyu. Ga manya, wani gwaji na 2014 a ƙasashen arewacin Turai ya nuna jira har awon himogulobin ya sauka zuwa giram 7 bai fi ƙarawa a giram 9 haɗari ba. Ga yaran Afirka ƙa'idar Hukumar Lafiya ita ce a ƙara jini idan awon ya gaza giram 4, ko yana tsakanin 4 da 6 tare da haki ko gushewar hankali. Inda ma'ajiyar jini ta dogara da dangi, gara 'yan'uwa masu lafiya su je a gwada su tun kafin a nema.

Ƙoda kuma fitsari ne ke ba da labarinta. Abin da ake so shi ne aƙalla rabin mililita ga kowane kilo a kowace sa'a, wato mililita 30 ga mai kilo 60. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen na ƙara wa ƙodar da ke wahala nauyi, don haka ba a ba mai wannan hali su ba tare da izinin likita ba. Idan ƙodar ta tsaya, sau da yawa ta kan farfaɗo matuƙar an riƙe mutum da wanki na 'yan kwanaki ko makonni. Inda babu injin wankin ƙoda, ana iya yi ta fatar cikin ciki, a zuba ruwa na musamman ta roba, a bar shi, a fitar. A asibitin Mbingo da ke arewa maso yammacin Kamaru an yi hakan da ruwan da aka haɗa a wurin, kuma rahoton da suka fitar a 2018 ya nuna sakamakon bai bambanta da na ruwan kamfani ba.

Ga jarirai, sanyi kansa abokin cuta ne. Wani gwaji da aka wallafa a 2021, wanda asibitin Komfo Anokye na Kumasi da na Ile-Ife suka shiga tare da wasu a Indiya, Malawi da Tanzaniya, ya duba jarirai 3,211 da nauyinsu bai kai kilo 1.8 ba. Waɗanda aka ɗora a ƙirjin uwa, fata da fata, tun daga haihuwa, kashi 12 cikin 100 suka rasu a cikin kwana 28, a maimakon 15.7, kuma alamun gubar jini sun yi ƙasa a cikinsu.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba a cika lura da su ba: fara ciyar da mara lafiya ta baki ko ta robar hanci cikin kwana uku idan hanjinsa na aiki, ɗaga kan gadonsa, juya shi kowace sa'a biyu don kada bayansa ya yi gyambo, da allurar heparin mai hana jini daskarewa a ƙafafun wanda ya daɗe a kwance.

Magungunan da aka yi wa kirari suka ba da kunya

An kashe maƙudan kuɗi wajen neman magani guda da zai kwantar da garkuwar jikin da ta rikice. Mafi shahara shi ne Xigris na kamfanin Eli Lilly, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, ana sayar da shi dubban daloli ga mutum ɗaya. Bayan shekara goma wani sabon gwaji ya nuna ba ya rage mutuwa, kamfanin ya janye shi a Oktoban 2011. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

A 2017 wani likita a jihar Bajiniya, Paul Marik, ya ba da rahoton cewa haɗa bitamin C mai yawa ta jijiya da hydrocortisone da thiamine ya rage mutuwa daga kashi 40 zuwa 8.5 cikin 100. Mutum 47 ne kawai a kowane ɓangare, kuma ba a raba su ta hanyar ƙuri'a ba. Labarin ya bazu a intanet. Da aka gwada bitamin C yadda ya kamata a kan mutum 872 a Kanada, Faransa da Niyu Zilan, sakamakon 2022 ya nuna waɗanda aka ba sun fi shiga haɗari: kashi 44.5 cikin 100 sun mutu ko sassan jikinsu ba su farfaɗo ba bayan kwana 28, a kan 38.5 na waɗanda ba a ba ba. Haka ruwan sitaci na jijiya, wanda aka daɗe ana amfani da shi don ɗaga bugun jini, an gano yana lalata ƙodar masu gubar jini, kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shi a 2022.

Ga iyalin da kuɗinsu ƙidayayye ne, wannan na da muhimmanci. Idan takardar sayen magani ta yi tsawo, babu laifi a tambayi likita wanne ne ba a iya jira, a fara da shi. Allurar bitamin ba ta gaban antibiyotik, oksijin, ko jini.

Idon mai jinya

Yawancin masu gubar jini a Afirka ba sa ganin sashen kulawa ta musamman, wanda ake rubutawa réanimation. Wani nazari da Lancet ta wallafa a 2025, wanda ya duba manya kusan 20,000 a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22, ya gano cewa ɗaya cikin takwas na waɗanda ke kwance yana cikin mawuyacin hali, ɗaya cikin biyar na waɗannan ya mutu cikin mako guda, kuma fiye da kashi biyu cikin uku a ɗakunan kwanciya na gama-gari suke. A irin waɗannan ɗakuna malamin jinya ɗaya ke kula da gadaje da yawa, kuma wanda ke zaune a gefen gadon dare da rana ɗan'uwa ne.

Abin da zai iya lura da shi ba ya buƙatar na'ura. Ya ƙirga numfashi na minti guda: 22 ko fiye a babba abin dubawa ne, haka 40 a yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, 50 a ɗan wata biyu zuwa wata 11, da 60 a jaririn da bai kai wata biyu ba. Ya lura da yaushe aka yi fitsari na ƙarshe, ko mara lafiyar na gane mutane, ko hannuwansa sun yi sanyi, ko jariri ya daina kama nono. Duk sauyin da ya gani ya faɗa a lokacin, kada ya jira zagayen safe. Ya kuma wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa mara lafiya, ya rage masu shigowa dubiya.

Ga waɗanda ke tsallaka iyaka neman magani, daga Kusiri zuwa Njamena ko daga Ƙonni zuwa Sakkwato, takardu na da daraja. Harshen asibitin na iya sauyawa, amma sunan magani da lokacin da aka ba da shi da yawan ledojin ruwan da aka riga aka ƙara, duk likitan da zai karɓa yana buƙatar su. Kuma kafin a ɗauki mai haki a mota tafiyar sa'o'i, a tambayi likita ko za a iya tafiya da oksijin.

Sallama daga asibiti ma ba ita ce ƙarshen haɗarin ba. A Yuganda an bi sawun dubban yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka kwantar bisa zaton gubar jini, aka tarar kusan ɗaya cikin 20 ya rasu cikin wata shida bayan komawa gida. Wanda ya tashi daga wannan ciwo yana buƙatar abinci mai gina jiki, da komawa asibiti ranar da aka sa masa, da gaggawar dawowa idan zazzaɓi, haki ko kasala suka sake bayyana.